Ba Ƙwazo Ne Ya Yi Wa Adar Ƙaranci Ba



Tun ranar da Nasara ya kafa barikinsa a Tawa, a farkon ƙarni na 20, har zuwa yau, babu gwamnatin da ta hau ba ta ce mana mu ƙara ƙwazo ba. Kumandan ya faɗa da bulalar gardi, 'yan siyasa suka faɗa da lasifika, soja ya faɗa a gidan rediyo, masana kuma suna faɗa a cikin manyan takardu da faransanci. Yanzu an sake wa maganar riga, wai a ƙara yawan amfanin da kowane ma'aikaci ke fitarwa don arzikin ƙasa ya haɓaka. To, madalla. Wa ke ƙin arziki? Mu dai abin da ba mu yarda da shi ba, zaton nan ne da ke kwance ƙarƙashin maganar, cewa talakan Adar yana da sauran ƙarfin da ya ɓoye, kuma in an yi masa wa'azi sosai zai fito da shi.

Wanda ke wannan zato ya tafi Abijan ya gani da idonsa. Ya tsaya da asuba wurin masu sayar da garba, aceke da soyayyen kifin nan da ke ciyar da leburori da 'yan makarantar birnin, ya tambayi masu suyar daga ina suka fito. Ya bi masu shayi da masu tireda da masu tallan kaya a ka, ya leƙa Legas da Kano da Kwatano, ya haura Sabha da Tarabulus inda ake ɗora bulo da ban-ruwan gonaki. Zai tarar da ɗan Adar ya riga kowa tashi, ya kwanta bayan kowa, yana kwana su goma a ɗaki guda don ya tara abin aikewa gida. Mutumin nan fa shi ne wanda ake gani zaune a gindin bedi a ƙauyensu cikin watan Maris ana cewa ba ya son aiki. Hannunsa bai sake ba a hanya, zuciyarsa ba ta sake ba. Abin da ya bambanta guda ne: can yinin aiki yana da lada, nan kuwa babu.

Ku duba lissafin da kanku. Ruwan sama a Tawa, a shekarar kirki, da ƙyar yake kai milimita 400, kuma cikin wata uku yake zubowa. Daga girbin hatsi a watan Oktoba har zuwa shuka a watan Yuni ko Yuli, mai gonar tudu ba shi da abin yi da hauyarsa. Duk ƙasar da mazajenta ke da aikin wata huɗu kawai cikin goma sha biyu, ko sun yi noma har sun faɗi, ba za ta yi arziki ba. Saboda haka duk wata manufa ta gwamnati a kan aiki da haɓakar arziki, mu a Adar ma'auninmu ɗaya ne: me ta ba mutum ya yi da rani, a garinsu, wanda zai ciyar da gidansa?

Ba yau aka fara raba mu da gonakinmu ba. Zamanin Nasara ana kwasar majiya ƙarfi aikin dole, gyaran hanya da ginin bariki da ɗaukar kaya, babu ko tamma. Sai ran 11 ga Afrilu 1946 majalisar Faransa ta soke aikin dole da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, dokar aiki ta ƙasashen mallaka kuwa sai Disamba 1952 aka same ta, bayan yaje-yajen aiki na ƙungiyoyin ƙwadago a Afirka ta Yamma. Amma akwai wata bulalar da ta fi ta gardi tsawo, wato lanho. An ce a biya da kuɗi, a ƙasar da ba ta noma abin sayarwa. Ina kuɗin yake? Yana Kano, yana Jos wurin haƙar kuza, yana Kumasi. Haka kakanninmu suka koyi hanyar kudu, da ƙafa. Gwamnatin Seyni Kountché ta soke harajin kai a ƙarshen shekarun 1970 da ƙarfin kuɗin yuraniyom, aka yi murna, amma motocin bida ba su daina cika ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ciwon ya wuce lanho.

Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa hukumar bashi da haɗin kan manoma, UNCC, a 1962, ta baza masu wayar da kan jama'a cikin ƙauyuka, ta matsa wa noman auduga a kwarin Majiya, ta gina madatsar Ibohaman a ƙarshen shekarun 1960 don ban-ruwan hekta kimanin 750. Niyyar ba ta da laifi. Sai dai daga ofis aka tsara abin da za a shuka da ranar shuka da farashin saye, manomi ya zama kamar lebura a gonarsa. Tuddan da ke bisa madatsun kuma ba a kula da su ba, kowace damina kori na kwaso rairayi da laka yana zubawa, har tafkunan suka riƙa cikewa. Kountché ya zo da samariya, aka gina azuzuwan lakwal da gayya, aka share hanyoyi. Abin da ya fi amfani a zamaninsa, a ganinmu, kiran noman rani ne bayan farin 1984, domin ya zo da iri da rijiya da guga, ya kuma bar wa mai lambu abin da ya noma.

Yanzu bari mu tsaya a Keita, don nan ne aka yi gwajin da ya fi kowane girma a ƙasarmu, kuma har gobe ana kawo baƙi su gani.

An fara aikin Keita a 1984, shekarar yunwa, da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO na jan ragama, hukumar PAM kuma na ba da abinci a matsayin ladan aiki. Ƙasar ta riga ta mutu a lokacin. Tuddai sun zama dutse tsirara, fako ya cinye gonaki, ruwa in ya sauka sai ya kwarara da gudu ya yage bakin kori ya wuce, bai jiƙa ƙasa ko taki ɗaya ba. Aka shiga jera duwatsu a kan fako don tare ruwa, aka haƙa ramuka a jikin tuddai aka dasa bagaruwa da danginta, aka gina madatsai a cikin koramu, aka tsayar da tudun rairayi. Cikin shekara kusan ashirin an farfaɗo da hekta fiye da 34,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an yi madatsai da dama da rijiyoyi ɗaruruwa da hanyoyin karkara fiye da kilomita 300. Wanda ya san Keita a 1984 ya komo bayan shekara goma sha biyar, sai ya yi ta salati.

To, wa ya ɗauki duwatsun? Mata. Mazan suna bakin bida, sai iyayenmu da ƙannenmu mata suka fito da goyo a baya da dutse a ka, cikin ranar Afrilu da kowa ya san zafinta a Adar, suna haƙa da diga, suna karɓar rabon abinci na yini. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, masu aikin da kansu sun rubuta cewa galibin ma'aikatan mata ne, musamman a shekarun farko. Duk mai son ya yi mana lacca a kan ƙwazo, ya fara zuwa ya durƙusa ya gaida tsofaffin matan Keita da Tamaske da Ibohaman da Garhanga.

Amma mu faɗi gaskiya dukanta. Aikin ya tsaya ne a kan abinci da kuɗin baƙo da manyan injuna, ranar da suka janye kuwa babu wanda aka bar wa wuƙa da nama. Jerin dutsen da ya rushe a kan tudun da ba na kowa ba, wa zai gyara? Macen da ta farfaɗo da fako da guminta, gonar ta zama tata? A Adar gona galibi hannun maza take, kuma da ƙasa ta yi rai sai masu ita na da suka tuna da gadon kakanninsu. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Jama'a kuma ta ƙaru, daga mutum kimanin 65,000 a yankin a 1962 zuwa wajen 230,000 a 2003, sai abin da aka samu ya rabu hannu da yawa. Samari ba su daina tafiya ba. Ba muna rage wa Keita daraja ba ne, Allah ya kiyaye. Muna cewa ne an biya mutane ladan yini, ba a ba su mallakar abin da yinin ya haifa ba, kuma wannan kuskuren ana ta maimaita shi har yau a ayyukan nan na gyaran ƙasa da ake biya da kuɗi ko abinci: a haƙa rabin wata dubu, a ɗauki hoto, a biya, a tafi, baɗi a dawo a haƙa wani wuri.

Ku gangara kudu kaɗan zuwa ƙasar Illela ku ga wani gwajin da bai kai na Keita tsada ba ko kusa. A 1989 wani aikin gona da asusun FIDA ke tallafa wa ya ɗauki wasu manoma ya kai su Yatenga, a Burkina Faso, suka ga yadda Mosawa ke noma a kan fako. Suka dawo suka gyara tsohuwar dabararmu ta tassa. Abin ba wuya: da rani ka haƙa rami, faɗinsa kamar taki guda, ka tara ƙasar ta gefen gangare, ka zuba ɗan takin dabba a ciki. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin ya nutse, ka shuka hatsinka. Daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonakin maƙwabta suka ƙone, masu tassa suka yi girbi. Shi ke nan, gani ya kori ji. Ba gardi, ba lasifika, ba rabon abinci, mutane suka kama haƙa da kansu wajen Badagishiri da kewaye. Awon da aka yi cikin shekarun 1990 ya nuna gonar tassa na ba da kusan ninki huɗu na abin da irin ƙasar ke bayarwa in ba a yi mata ba. Fakon da a da ko kyauta ba a so, sai ga shi ana saye ana sayarwa, farashinsa na hawa. Samari suka sami sana'ar haƙa wa mutane tassa da lada. A wasu ƙauyuka, irin su Batodi, ruwan rijiya ya matso sama har mata suka kafa lambuna.

Aikin tassa ya fi noman gargajiya wahala nesa ba kusa ba, ramuka dubbai ne a hekta guda, a ƙasa mai tauri kamar siminti. Me ya sa malalacin da ake faɗa ya ɗora wa kansa wannan wahala ba wanda ya sa shi? Don ya san damin da zai fito nasa ne. Wannan shi ne dukan sirrin da masana ke nema a taron ƙara wa juna sani a otal-otal na Yamai.

Sai albasa. Babu abin da ya fi ta nuna iyawar mutanenmu, babu kuma abin da ya fi ta nuna inda ake zubar da guminsu. Irin nan na Galmi ya yi suna daga Akara har Abijan, kuma jihar Tawa ce ke noma mafi yawan albasar Nijar, wadda ta haura tan miliyan guda a shekara. A Tamaske da Tabalak da fadamun Keita, mai lambu yana tashi tun duhu, yana raino da dashe da ban-ruwa wata huɗu. Kuɗin iri da taki da man inji kuwa bashi ne daga ɗan kasuwa, don bankin bunƙasa ƙasa na BDRN ya rushe tun 1990, asusun bashin manoma ma ya riga shi, bankin manoma na BAGRI da aka buɗe a 2011 kuma ƙofarsa ta fi kusa da mai takardar gida a birni bisa ga mai rijiya a fadama. Ranar cira, cikin Maris da Afrilu, kowa ya cire a lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas, mai bashi na tsaye a bakin lambu. Dole a sayar. Buhun ma da ake aunawa da shi, a cika shi har ya yi tozo a ɗinka masa baki, ya haura kilo 100, amma kuɗin buhu guda za a biya. Bayan wata biyar ko shida farashin ya ninka sau da yawa, a lokacin albasar tana hannun wani. Wanda ya daure ya ajiye a rudu, zafi da damshi su cinye masa wajen kashi ɗaya cikin uku.

Ku gaya mana, wane ƙarin ƙwazo ne zai gyara wannan? In mai lambu ya ninka aikinsa, farashin Afrilu zai ƙara faɗuwa ne. Abin da zai ƙara wa yininsa daraja, rumbun ajiya ne mai shan iska, da bashin da zai jira shi har watan Satumba, da ma'auni na kilo, da hanyar da babbar mota za ta shiga ba ta karye ba. Dabarar jinginar da amfanin gona a rumbun ƙungiya a karɓi bashi, a sayar in kaya sun yi tsada, an gwada ta a Nijar tun wajen 1999 kuma ta yi aiki ga masu hatsi da wake. Me ya hana a mai da ita babbar manufar ƙasa maimakon ƙaramin aikin da ke mutuwa ranar da mai ba da tallafi ya naɗe tabarmarsa? Kada kuma a manta da iyaka. Lokacin da Nijeriya ta rufe tata daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, manyan mutane sun yi ta musayar kalamai, albasa kuwa ba ta san siyasa ba, ruɓewa take yi a cikin mota.

A Yamai wani lissafin ake yi dabam. Bankin Duniya ya ce arzikin Nijar ya ƙaru da fiye da kashi 8 cikin ɗari a 2024, abin da ƙasashe kaɗan suka samu a duniya. Babban dalili shi ne man fetur na Agadem, wanda aka fara lodinsa a jirgin ruwa a watan Mayu na shekarar, ta bututun da ya kai kilomita kusan 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. Muna murna, dukiyar ƙasarmu ce. Amma mu mutanen Tawa mun taɓa ganin irin wannan biki. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit a ƙarshen shekarun 1970, muka yi shekara arba'in muna kallon manyan motoci na wucewa ta ƙofar gidanmu, har hanyar ta farfashe ta zama abin tsoro ga direbobi. Rijiyar mai da ramin ma'adini mutum dubu kaɗan suke ɗauka, alhali ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 da dubu 300 a jihar Tawa kaɗai, jama'ar ƙasa kuma na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato tana ninkawa kafin shekara ashirin. Lambar arziki na iya hawa sama alhali tukunyar Afala ba ta ji ɗumi ba. Kuɗin man ba zai zama arzikin talaka ba sai ranar da ya koma rijiya da madatsa da rumbu da wutar lantarki.

Wutar ma abin magana ce. Ga gawayin ƙasa kwance a Salkadamna, arewa maso yamma da Tawa. A 2014 shugaba Mahamadou Issoufou, ɗan wannan jiha, ya aza harsashin tashar wuta mai ƙarfin megawat 600, aka yi kiɗa aka yi guɗa. Shekara goma suka shuɗe ba a kunna ko fitila ɗaya da ita ba. Da Nijeriya ta yanke wuta a watan Agusta 2023, mai walda da tela da mai injin niƙa da mai sayar da ƙanƙara a kasuwar Tawa suka zauna riƙe da haɓa. Su ma a rubuta su cikin malalata? Yaron da ya koyi walda ko gyaran famfo mai aiki da hasken rana, in babu wuta babu jari, takardar shaidarsa guzurin Libiya ce kawai.

An ƙara mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,047 zuwa sefa 42,000, jika arba'in da biyu ke nan, daga Janairu 2024. Mun yaba, ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna nema. Sai dai mutum nawa ne a Adar ke karɓar albashi da takarda? Malamin lakwal, ma'aikacin asibiti, 'yan kamfanin siminti na Malbaza, ma'aikatan ofis. Sauran jama'a, manomi da makiyayi da mai ban-ruwa a lambun wani da yarinyar da ke aikatau a gidan mai kuɗi, dokar ba ta san da zamansu ba. Makiyayin arewa ma nasa ya fi muni, don bayan fari ga rashin tsaro. Ran 21 ga Maris 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya cikin yini guda. Wanda ba ya iya kai garkensa rijiya ko kasuwa cikin kwanciyar rai, ba a yi masa zancen ƙara amfani.

Mu koma kan bida, tun da ita ce babbar masana'antar Adar ko an so ko ba a so. Ita ke sayen hatsin bazara, ita ke biyan sadaki da magani, ita ta gina yawancin gidajen siminti da kuke gani a ƙauyukanmu. Ba mu ce a hana kowa tafiya ba, an gwada hanawa da dokar 2015 a kan safarar baƙin haure, ba ta tsayar da tafiya ba sai dai ta ƙara mata tsada da hatsari a cikin Sahara, har aka soke ta a Nuwamba 2023. Amma gidan da abincinsa ke hannun maƙwabci, kullum a tsorace yake kwana. Gana ta kori baƙi a 1969. Nijeriya ta kora a 1983 da 1985. Rikicin Kodibuwa na 2002 da na 2010 zuwa 2011 ya maido mutanenmu hannu rabbana, yaƙin Libiya na 2011 ya maido dubun dubata, kuma jihar Tawa na cikin waɗanda suka fi karɓa. Aljeriya ta sha zubar da 'yan'uwanmu a bakin iyaka wajen Asamaka su taka da ƙafa. Duk da haka ba mu ga wata gwamnati ta zauna ta tsara yadda kuɗin ɗan bida zai zama rijiya da famfo da lambu ba. Mutum ya yi shekara uku yana tara jika ɗari biyar, ya dawo, babu filin da zai saya da takarda tabbatacciya, babu wanda zai ƙara masa bashi a kai, babu mai nuna masa inda ruwa yake kusa. Kuɗin su tafi a biki da babur, baɗi ya sake ɗaura jaka. Sai a ce ba shi da tattali.

Shirin nan na 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar, wanda aka fi sani da 3N, ya zo a 2012 da kyakkyawan suna, ya kuma yi wasu abubuwa, musamman wajen noman rani. Hukumomin da suka hau a 2023 su ma sun sanar da babban shirin ban-ruwa a 2024. Ba mu da gaba da ko ɗaya. Roƙonmu shi ne kada a sake kallon bakin kogin Kwara kaɗai, a manta da cewa Adar ƙasar kwari ce da tudu, arzikinta na cikin ƙananan madatsai da ke shayar da ƙasa ruwa, da rijiyoyin fadama, da tafkuna irin na Tabalak. Madatsa ɗari ƙanana da ƙauye zai iya gyarawa da hannunsa sun fi mana guda ɗaya babba da sai an jira injiniya daga Yamai. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: tun kafin a aza dutse na farko a san mai filin, a san wanda zai gāji amfaninsa, a rubuta. Dokar ƙasar noma tana nan tun Maris 1993, da kwamitocin filaye har matakin ƙauye. A ba su kuɗin aiki da takarda da tawada, a sa hannun mai gari da liman, a rubuta sunan macen da ta ɗauki dutsen tare da na mijinta.

Mata kuwa, in ana son sanin inda ƙarfin ƙasa ke zubewa a banza, a bi mace ɗaya ta ƙauyen arewacin Tawa daga asuba zuwa dare, a ƙirga sa'o'in da rijiya mai gaba talatin da turmi da neman itace ke ci mata. Famfo guda da injin niƙa guda a ƙauye suna 'yanta yinin aiki fiye da abin da jawabi ɗari zai yi. Jami'ar Tawa, mai ɗauke da sunan Djibo Hamani wanda ya rubuta tarihin Adar, tana da ɗalibai masu karatun tattalin arziki da na aikin gona. A tura su su yi wannan ƙirgen, su auna abin da yinin rani ke kawowa a Kalfu da abin da yake kawowa a Abijan, a buga sakamakon da Hausa da Tamajak a karanta a rediyo kowace shekara, kusa da lambar da Bankin Duniya ke fitarwa.

Ku kuma 'yan'uwa, in manyan baƙi sun zo garinku da motoci da alkawarin aiki, ku shimfiɗa musu tabarma ku ba su hura, kamar yadda muka gada. Bayan sun sha, mai gari ko wani dattijo ya tambaye su cikin ladabi: ranka ya daɗe, filin nan da za mu gyara, na wa zai zama? In madatsar ta tsage bayan kun tafi, wa zai gyara, da kuɗin wa? Abin da muka noma, ina za mu ajiye, wa zai saya, da wane ma'auni? Ku sa ɗan lakwal ya rubuta amsar da ranar da sunan wanda ya ba da ita, ku ajiye takardar wurin liman.